Zabin Dajin da Na Bi da Jan Ciki

Rub-da-ciki nake a wata gonar gyaɗa bayan Gezawa, kyamarar aro a hannuna, ƙarangiya duk ta cika min riga. Kusan awa guda ina jan ciki ina bin wasu zabi shida, don na sha alwashin sai na ɗauki hoton zabin daji.

Na saita ke nan, sai na ji taɓarya a gadon bayana. Wata tsohuwa ce ta fito daga gidan da ke gefen gonar.

Ta ce, "Tashi, ɓarawon zabi! Yau Allah ya kama ka."

Na ce, "Inna, wallahi hoto nake ɗauka. Ai na daji ne."

"Daji? Duba gabas, duba yamma, ina dajin? Ko'ina gonar wani ce. Kuma a wannan tsadar, ƙato kamarka ya bi nama da jan ciki, ya ce hoto yake so?"

Sai ta shiga gida ta kaɗa kwanon dawa. Zabin dajina suka sheƙa wurinta a guje, ɗaya har ta taka min hula.

Na dai samu hoton: zabi shida, da Inna a tsakiya riƙe da taɓarya.

Tsakani da Allah, in ku ne Inna, za ku yarda da ni?