Kunyar 'yar fari ta hana ni kai ta awo

Shekarar da aka ba mu mulkin kai ina zaune a wani ƙauye kusa da Kebbe, mace mai ji da kanta wajen kunya. Har misali ake yi da ni. 'Yata ta fari, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ko kallonta ba na yi a gaban mutane, kuma ina jin daɗin yabon da ake mini.

Da damina sai yarinyar ta zo gida goyon ciki. Na ga ƙafafunta sun kumbura, har zobe ya ƙi fita daga yatsarta. Wata safiya ina daka ta matso, murya ƙasa-ƙasa, ta ce kanta kamar zai tsage, kuma tana ganin walƙiya a idonta. Ta ce ta ji wata malamar asibiti na zuwa Kebbe ranar kasuwa tana duba masu ciki, ko zan raka ta. Maƙwabtana biyu na zaune a tsakar gidan. Na san gobe za su ce wance ta zubar da kunya, tana yawo da 'yar fari a kasuwa. Sai na kau da kai, na ce wa ƙanwarta ta gaya wa waccan ta sha kunun kanwa ta kwanta.

Bayan kwana shida, da hantsi, jijjiga ta kama ta. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi har azahar, sannan maza huɗu suka ɗauke ta a kan ƙyaure suka nufi Tambuwal cikin taɓo, ina biye. Ba mu kai ba. Daga baya malamar ta ce mini kumburin nan da ciwon kan su ne abin da suke dubawa.

Yau ni kaɗai ce a ɗakin nan, masu yabon duk sun watse. Na je gaban masu gari sau uku ina roƙon a zaunar mana da malama a nan. Iyaye mata, in 'yarku ta ce kanta na ciwo, ku dube ta, ku kai ta awo, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Ni na kira tawa da sunanta sau ɗaya a duniya, a bakin hanya, ba ta amsa ba.