Jan Layi a Kan Ɗari

Ranar Asabar ta ƙarshe a dogon hutu, ina shirin shiga aji biyar, tun asuba na share tsakar gida, na cika randa, na wanke kwanuka a gaggauce har Umma ta sa na sake. Duk saboda Abba ya ce ranar za a saka wa motarsa agogon zafin inji, washegari kuma sai dam ɗin Tiga. Tsohuwar bas ce ruwan ƙwai, injinta a baya, da gado da 'yar durowar kwanuka a ciki. Wai wasu Turawa ne suka keto sahara da ita. Ba a zuba mata ruwa, iska ke sanyaya ta. Tun da ta taɓa turnuƙe mu da hayaƙi a Unguwa Uku, Umma ta rantse 'ya'yanta ba za su ƙara shiga ba sai an saka abin da ke nuna zafi. Ni kuwa na riga na cika baki a makaranta cewa a hutun nan zan ga dam da idona.

Malam Ado, bakaniken layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi, bai iso ba sai da rana ta take. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya kwance notin da ake juye baƙin mai, ya ɗaura wani ɗan ƙarfe a gurbinsa, ya ja waya daga baya zuwa gaban sitiyari. Wayar ta gaza da taku biyu. Aka tafi nema kasuwar Tarauni, ni ina ta safa da marwa, ƙawayena na kira na wasan 'yar carafke ina korarsu. Da ya gama sai ya ce a ba shi jan farce, ya ja layi a gilashin agogon, daidai kan ɗari. "Alhaji, a ɗari ruwa yake tafasa. Da allura ta taɓa nan, ka tsaya."

Washegari muka fita da kular dambu da tabarma. Ko Na'ibawa ba mu wuce ba allura ta hau layin. Abba, wanda da can da hanci yake gane zafin motarsa, ya gangara gefe, ya ɗaga murfin baya, muka jeru muna yi wa inji fifita da faifai. Sau shida muka yi haka. A na huɗu na ce, "Abba, ka kifa wa agogon hularka mana mu tafi!" Kallon da Umma ta yi mini ya ishe ni. La'asar ta same mu a Kura, muka ci dambun a gindin mangwaro muka juyo. Ranar Litinin a makaranta, don kunya ko hutun tara ban fita ba.

Sai bara na karanta a waya cewa man irin wannan inji yakan wuce ɗari lafiya lau. Malam Ado motocin da ake zuba wa ruwa ya sani. Na je na faɗa wa Abba kai tsaye. Yanzu idonsa ya yi rauni, bas ɗin kuma tana kan duwatsu a ƙofar gida. Ya ce, "Ashe da mun je."

Na je Tiga sau biyu da ƙawaye, a mota mai sanyi, ba tsayawa ko ɗaya, kowa kansa a kan waya. Ni da na fi kowa ƙorafi ranar, yau tsayawar nan shida nake kewa.