Ranar da Na Manta da Ɗana a Batsari

Assalamu alaikum, jama'a. Na san na ɓace muku. Masu turo saƙo suna cewa haihuwa ta sa na yar da ku, ku yafe ni. Na ga saƙonninku. Wasu ma na yi ta maimaita karanta su, kowane karo kamar sababbi.

Yau zan faɗi abin da ya same ni.

Haihuwar fari ce. Na bar ajin da nake koyarwa a Safana, na tafi gida Wagini wanka wurin Inna. Bayan suna ciwon kai ya fara, yana sara mini ta ƙeya. Inna ta ce jego ne, a ƙara wa ruwan wanka zafi, a ƙaro kunun kanwa.

Sai mantuwa ta biyo baya. In ci tuwo, a ɗauke kwano, in tambaya yaushe za a ba ni abinci. Karatun allon da na yi ina yarinya yana nan daram, sunayen ɗalibaina na bara ma haka. Abin da ya faru da safe ne ba ya kai azahar.

Har sunan jaririn ya fita daga kaina.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rawar jiki a kansa gaban manya. Baƙi su ce, "Mi sunan yaron?" sai in sunkuyar da kai ina lalube. Su kuwa sai dariya. Gwaggona ta ce, "Kun ga ɗiya mai kunya, boko bai ɓata ta ba."

Ana yabona, tsoro yana cina. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ce ta manta sunan ɗanta?

Da muka yi arba'in, na kai shi riga-kafi Batsari. Inna ba ta biyo ni ba, ana roron wake. Layi ya yi tsawo, fitsari ya matsa mini, na kwance goyo na miƙa wa wata mata da ke kusa da ni a benci.

Da na fito daga banɗaki, ban san abin da ya kawo ni wurin ba. Na fita ƙofa, na tsayar da ɗan acaɓa, na ce Wagini.

Mun yi nisa sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Nono ne yake zuba. Na kai hannu bayana.

Babu goyo.

Ihun da na yi ya kusa kayar da mu. Ɗan acaɓan ya tsaya ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce ɗana. Ya ce, "Ina kika baro shi?" Na ce ban sani ba. "Mi sunanshi?" Na sunkuyar da kai ina lalube.

Ya ce, "Haba Hajiya, yanzu ba lokacin kunya ba ne!"

Na ce, "Wallahi ba kunya ba ce. Ban sani ba."

Ya dube ni, ya juya babur. Ya ce a ƙofar asibiti ya ɗauke ni, can za mu fara dubawa. Duk tsawon hanyar nan ina roƙon Allah ya dawo mini da fuskar yaron, don ina tsoron a nuna mini shi in kasa shaida shi.

An watse daga layi. Matar tana nan a benci, tana jijjiga shi, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Wata nas ta taso za ta balbale ni da faɗa, sai ta kalli idona ta fasa. Ta auna jinina, ta ga ya hau, ta ce a kira mijina yanzu, mu wuce Katsina kafin la'asar, tun ana bin hanya.

A Katsina aka ɗebi jini, aka saka ni cikin na'urar hoton kai. Baba ya sayar da waken da bai gama shigowa gida ba aka biya. Likita ya ce jini ne ya daskare a wata jijiya a kaina, kuma yakan samu masu jego. Aka hana ni kanwa, aka fara allura da ƙwayoyi, safe da yamma.

Na tambaye shi ko zan dawo daidai. Ya ce, "Tsohon hatsinki yana cikin rumbu, Malama. Ƙofar zuba sabo ce ta toshe. Duk abin da kike so ya zauna, faɗe shi da ƙarfi, ki maimaita. Fara da sunan yaron."

Inna, da ta biyo mu Katsina, ta ce, "Likita, ɗan fari ne fa."

Ya ce, "Inna, ɗan farin ne ta bari a benci."

Tun daga ranar, kowace safiya Inna za ta ɗora mini shi a cinya, ta kawar da kai, ta ce, "To, faɗi." Da farko sai ta fara mini. Wata safiya na riga ta: Sulaimanu. Ta fita waje da sauri, wai hayaƙi ya shiga idonta.

Alhamdulillahi, na koma aji. Ranar suna dai har yau ba ta dawo mini a kai ba. Ko wannan labarin, wani ɓangaren ɗan acaɓan ne da Inna suka ba ni, kuma yanzu ba na iya rabe abin da na tuna da abin da aka gaya mini.

Don Allah, idan mai jego ta ce kanta na ciwo, a kai ta a auna jininta. Idan ta yi shiru da yawa, wata ta ja ta ɗaki su biyu, ta tambaye ta me ta ci da safe, me sunan ɗanta. Kada a bar ta ta fita da jariri ita kaɗai.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna, Baba, maigidana, nas ɗin nan da ɗan acaɓan da ya ƙi karɓar ko sisi.

Ke kuma baiwar Allah da kika riƙe mini ɗa har na dawo, ba na tuna fuskarki. Idan na wuce ki a kasuwar Batsari ban gaishe ki ba, ki tsayar da ni.