Ranar Da Na Ce Wa Baba Ina Hanya

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in amayar da abin da ke cina. Lokacin da abin ya faru shekarata talatin da huɗu. Haifaffen Fagge ne ni a Kano, kuma na shekara tara a Guangzhou ta ƙasar China ina sayen takalma a kasuwannin Zhanxi Lu ina turo wa 'yan kasuwar gida. Ba ni da mata a can, ba ni da ɗan'uwa na jini. Mutum ɗaya ne nawa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi ta Ghana mai ɗan ofishin tura kaya a benen Tianxiu. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan. Shi ya tsince ni a ranata ta farko, ina tsaye bakin titi da jaka, wanda ya yi alkawarin tarbata ya kashe waya. Wata uku ina kwana a falonsa. Shi ya koya mini yadda ake lanƙwasa takalmi a duba gam, da yadda idan mai shago ya ce "mei yo", wato babu, ba a juyawa, sai a ja kujera a zauna har kayan su fito daga sito. Duk inda muka shiga ɗansa yake ce da ni, har wasu suka ɗauka shi ya haife ni.

Abin da ya shiga tsakanina da shi abin dariya ne idan aka faɗa, wasa ne wai shi besbol. A cikin masu shagon da nake sayayya akwai wani ɗan China da muke kira laoban kamar yadda ake kiran kowane mai shago. Ya buga wasan yana saurayi, kullum wayarsa na jingine da kwalin takalmi yana kallo. Wata Asabar ya ja ni wani fili a gefen gari, inda ƙungiyar ƙwararru ta lardin ke wasannin share fage kafin a shiga kakar wasa. Na je ne don kunyar idonsa, na dawo da ciwon son wasan. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, wani ya tare ta da kulki, idan ya doka ya ruga ya zagaya kusurwoyi huɗu kafin a dawo da ita. Zagaye tara ake yi, kuma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne babu agogo a ciki. Ba kamar tamaula ba ce da za ka ce nan da minti casa'in an tashi. Wasan yakan ƙare ne lokacin da ya ga dama.

Wasannin share fagen nan su suka fi shiga jinina. 'Yan kallo ba su da yawa, ana zaune kusa da waya har kana jin numfashin mai jifa, kuma a nan ake gwada masu neman gurbi, kowa na wasa kamar abincinsa na rataye a hannunsa, don kuwa haka ɗin ne. Na sayi hular ƙungiyar, na haddace lambar rigar kowa, na zama baƙar fata ɗaya tilo a wurin har masu tsaron ƙofa suka san ni. Abokaina na Kano sun tsokane ni har sun gaji, suna cewa duk wasannin duniya na rasa wanda zan so sai langa da taɓarya. Baba bai taɓa yi mini dariya ba. Yakan zuba mini shayi ya ce in ba shi labari, in yi ta zuba yana gyaɗa kai, na kuma san ko kalma ɗaya ba ya ganewa. Abu ɗaya kawai yake tambaya, a ina nake yin la'asar idan ina can. Sai in ce ina samun wuri. Gaskiyar ita ce sau da yawa sai na dawo gida nake haɗa ta da magariba.

A shekarar akwai wani mai jifa da na ɗora wa rai. Ya kusa zama sa'ana, a wasan nan kuwa wannan tsufa ne. An yi masa aiki a kafaɗa, ya shekara guda bai taɓa ƙwallo ba, kowa ya ce tasa ta ƙare. Ina zuwa da wuri don in gan shi yana motsa jiki shi kaɗai a gefe, ban san me ya sa nake ganin kaina a cikinsa ba. Baba ma ya san da zamansa saboda yawan maganata, "yaronka" yake ce masa. A daidai wannan lokacin ciwon suga ya ci ƙarfin Baba, ƙafafunsa suka kumbura, 'ya'yansa suka matsa ya koma gida. Ya sallama ofis, ya raba 'yan komatsansa. Ranar wata Alhamis muna shan shayi ya ce jibi Asabar zai tashi, kuma ba ya jin zai sake ganin China. Ya ce in same shi a ƙofar Tianxiu ƙarfe uku in raka shi filin jirgi, yana so mu yi sallama irin ta mutane, akwai kuma ɗan abin da zai ba ni hannu da hannu. Na ce ko ba a faɗa ba ai dole ne. Ina fitowa laoban ya kira ni yana murna, wai ya ji daga majiya mai ƙarfi ranar Asabar za a saka mutumina ya yi jifarsa ta farko.

Na yi lissafina irin na mai son zuciya. Ana farawa ƙarfe ɗaya, na ce ai da shi za a buɗe, in kalli zagaye biyu in kama metro, wato jirgin ƙasan cikin gari, kafin uku ina gaban Baba. Ban faɗa wa Baba zan je ba, wannan ma ya isa ya nuna mini na san ba daidai nake ba. Aka fara wasa da wani matashi, mutumina na zaune a benci da tawul a wuya. Zagaye na biyu ya wuce, na uku ya wuce. Aka yi yayyafi aka dakata na ɗan lokaci. Ƙarfe biyu da rabi Baba ya kira, na ruga bayan bandaki inda ba hayaniya na ce masa ina hanya. Bakina ne ya faɗa tun kafin in yi tunani, yadda dukanmu muke faɗa muna kwance a gado. Na dawo na zauna, na ce zagaye ɗaya kawai zan ƙara. Uku da kwata ya sake kira. A lokacin an ga mutumina ya tashi ya fara ɗumama hannu, laoban na ta zungurina. Na ce wa Baba na kusa, cunkoso ne ya riƙe ni. Ya ce to Allah ya kawo ni lafiya, in bi a hankali kada in yi gaggawa.

Sai a zagaye na takwas aka kira shi, huɗu ta wuce. Duk 'yan kallon da ba mu fi cikin motar haya biyu ba muka miƙe tsaye muna tafi. A daidai nan wayata ta yi ƙara karo na uku, ni kuma na kasa barin wurin, na ɗauka a inda nake. Na ji ƙarar titi ta ɓangarensa, na san yana cikin tasi. Shi ma ya ji nawa ɓangaren, tafi da ihu da ƙarar kulki. Sai ya tambaye ni a hankali ko yaron nawa ya yi jifar. Na ce yanzu zai fara.

"To ka tsaya ka gani," in ji shi. "Ni na wuce. Zaman da muka yi, duk abin da na yi maka ka yafe mini. Ni na yafe maka duniya da lahira."

Ga abin da har yau yake hana ni sakewa. Idona na kan fili, mutumin ya ɗaga ƙafa zai saki ƙwallo, na ce, "Ba komai Baba, ba komai, zan kira ka." Na kashe wayar. Dattijon da ya ɗauke ni daga bakin titi yana neman gafarata, na amsa masa yadda ake sallamar mai talla.

Ba zan yi muku ƙarya a nan ba, na yi murna a lokacin. Masu kulki uku ya fuskanta, duka ukun ya fitar da su daga wasa, na yi ihu har muryata ta dushe, ni da laoban muka rungume juna. Murnar ba ta kai ni bakin metro ba. Na wuce filin jirgi kai tsaye, na iske tuni Baba ya shige ciki, wayarsa a kashe. Washegari na tura masa saƙon murya ina yi masa barka da sauka, na sake jingina abin ga cunkoso, alhali na san ya ji komai da kunnensa. Ya maido da amsa yana sa mini albarka, bai ta da zancen ba. Daga nan kunya ta sa na fara ja da baya. Idan ya kira sai in gajarta, in ce ina kasuwa. Na daina hawa benen Tianxiu. Maƙwabcin ofishinsa, wani bawan Allah ɗan Maraɗi, ya kira ni har sau uku ya ce Baba ya bar mini saƙo a wurinsa, ina cewa zan zo. Niyyata ita ce idan na je gida da Babbar Sallah in wuce Kumasi in durƙusa a gabansa in faɗi gaskiya. Sati bakwai da tafiyarsa babban ɗansa ya kira ni da hantsi ya ce Baba ya cika, an kai shi.

Ranar da 'yan kasuwa suka taru a Tianxiu don yi masa addu'a, mutumin Maraɗin ya ja ni gefe ya miƙo mini wata leda. Ba da nufin ya ƙona mini rai ya ba ni labarin ba, shi a zatonsa da gaske cunkoso ne ya riƙe ni. Ya ce tun kafin uku Baba ya sauko ya zauna a kan akwatinsa a bakin ƙofa, ledar nan a cinyarsa, ga yayyafi, ga ƙafa a kumbure. Sun roƙe shi ya koma ciki ya zauna a kujera, ya ce a'a, kada in zo in wuce ban gan shi ba. Sau biyu ana tsayar masa da tasi yana sallamarta. Duk wanda ya ce lokaci na tafiya sai ya ce ɗansa na hanya, ya faɗa masa da bakinsa, kuma shekara tara bai taɓa yi masa ƙarya ba. Sai da suka ga jirgi zai bar shi suka ɗaga shi kusan da ƙarfi suka sa a mota. Na buɗe ledar a wurin. Daddumarsa ce, wadda na san shi da ita tun ranar da na fara kwana a falonsa, wurin goshi ya koɗe har zare ya fito. Wai Baba ya ce a faɗa mini ba ta da nauyi, za ta shiga jakar da nake zuwa kallo da ita, in riƙa yin la'asar a kan lokaci. Ashe wannan ma ya sani. Na zauna a matakalar benen na yi kuka a gaban mutane, ban damu da wanda ke kallona ba.

Ban rubuto don in ce wasa haramun ne ko son wasa laifi ne ba. Baba da kansa bai taɓa cewa haka ba, kuma har yanzu nakan je. Mutumin da na tsaya kallo ma an sallame shi kafin a shiga kakar, ban san inda yake ba yau, ina yi masa fatan alheri. Abin da na koya shi ne laifina ya fi tsayawa kallo girma. Da na ce masa tun farko Baba ina filin wasa, ka yi haƙuri, na san zai yi murmushi ya hau mota da wuri, ya zauna ya huta a filin jirgi, in na makara ma in same shi a can. Kalma biyu na faɗa don in kare fuskata, shi kuma ya ɗauke su da gaske ya zauna a kansu fiye da awa guda cikin ruwa. Mun maida "ina hanya" kamar gaisuwa, mun manta akwai masu yarda da mu.

Don haka 'yan'uwa, musamman mu da ke zaune a ƙasar mutane inda wanda ya tafi ba lalle a sake haɗuwa ba, idan babba ya ce ka zo ku yi sallama, ajiye duk abin da ke hannunka ka je. In ba za ka iya ba, faɗi inda kake. In kuma ya nemi ka yafe masa, juya wa komai baya ka amsa da dukan bakinka, ka nemi tasa. Ni ya yafe mini tun kafin in roƙa, amma ban samu na ce masa na yi ƙarya ba, kuma ba zan samu ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa Baba a addu'a. Yanzu idan la'asar ta yi, ko wa ke jifa nakan tashi in je bayan filin in shimfiɗa daddumar, in sa goshina a inda nasa ya koɗar.