Saƙon Da Ban Rubuta Ba

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu da ni ya faru, kuma ko matata ban taɓa gaya wa ba. Shekarun baya ni soja ne mai riƙe da rediyo a hedikwatar wata rundunar haɗin gwiwa, inda sojan ƙasa da na sama da 'yan sanda ke zama teburi ɗaya a ƙarƙashin kwamanda guda. Aikin a jere yake. Na ɗaya, mai kira daga daji ya faɗi kalmar sirrin ranar, domin kullum da asuba ake sauya ta. Na biyu, in rubuta saƙon a littafi. Na uku, in miƙa wa hafsan da ke bakin aiki, shi kuma ya sanar da kowane ɓangare. Ba a tsallake mataki, kuma da wannan nake taƙama.

Wata Talata bayan azahar rediyo ta yi shuu, sai ga muryar Kofur Bala, ɗan unguwarmu ta Ƙofar Galadima a Zariya, wanda muka tashi tare.

Ya ce, "Mutumina, ka hana ayarin 'yan sandan nan bin gada, an binne abu."

Na ce, "Kalma?"

Ya faɗi ta Litinin. Na ce ai wannan ta jiya ce.

Ya ce, "Haba sarkin doka, ita kaɗai na sani. Ka kai saƙon dai."

Na ce, "Babu kalma, babu saƙo," na katse shi, ban rubuta ba, ban miƙa ba, na ce wa kaina ai miyagu ma sun iya kwaikwayon murya.

Da la'asar motar gaba ta ayarin 'yan sanda ta taka nakiya a bakin gadar, direban bai kwana ba. Washegari rahoto ya iso cewa Bala ya rasu a kwanton ɓauna tun ranar Litinin da hantsi, rediyonsa ma ta ƙone ƙurmus. Innalillahi! To wa na yi magana da shi?

Da na samu hutu na zo Zariya gaisuwa, na tarar da mahaifinsa a zaure. Tsohon ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, na gode. Kullum Bala yakan ce in dai kai ne a kan rediyo, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa." Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya jiƙansa, Baba." Iyakar abin da na iya ke nan.

Yanzu na yi ritaya, amma gara in zagaya ta wani lungu da in bi ta ƙofar gidansu. Ku da ke bakin aiki, in gargaɗi ya zo muku ko da a karkace, ku miƙa shi sama, babba ya ƙi da kansa. Ni dai har yau in 'yar rediyon shagona ta yi shuu bayan azahar, sai in ga hannuna ya ɗauki biro.