Duba-gari da Tankin Tarwada

Shekara talatin da biyu Obadiya ya yi yana aikin duba-gari a Suleja, kuma har gobe akwai tsofaffin mata a unguwar Wambai da in sun hango shi sai sun waiwaya sun dubi murfin randarsu. Dogo ne siriri, ga wani hanci da Allah ya hore masa mai jiyo warin kwatami tun daga bakin titi. A zamaninsa yakan shiga gida da farar riga da ɗan littafi a aljihu, ya leƙa randa, ya leƙa masai, ya ɗaga murfin rijiya. In ya ga tsutsa ko guda a ruwan sha, ba ya faɗa, ba ya zagi. Sai ya zaro littafin nan ya tambayi maigida sunansa, ya shiga rubutawa a hankali, harafi bayan harafi, maigida na tsaye yana haɗa gumi. Da yawa sun gwammace ya zage su da ya yi musu wannan rubutun.

Da ya yi ritaya ya koma gidansa na Madalla ya zauna, amma hancin bai yi ritaya ba. Binciken da a da ake raba wa unguwa guda sai ya dawo kan matarsa Lidiya ita kaɗai. Cokali sai an wanke shi sau biyu. Ba ya cin abincin biki, kuma da kofinsa yake zuwa coci, inda yake cikin dattawa. Tun shekarar da aka yi annobar amai da gudawa, shi da abokan aikinsa suka bi gari suna zuba magani a rijiyoyi, jarkar bilic, ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba ta taɓa yankewa a ɗakinsa ba. Duk duron ruwan da aka cika a gidan sai ya tsiyaya masa murfi guda. A wajen Obadiya, ruwan da bai ji bilic ba bai gama zama ruwa ba.

To, a wannan gidan ne fa Allah ya ajiye Debora, autarsu, 'yar aji biyu a babbar sakandare. Wata Juma'a ta dawo makaranta a Keke Napep, ita da malamarsu ta kimiyya, Malama Chidinma, suka sauke tankuna biyu na gilashi a baranda. Malamar ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta yi masa bayani da Hausarta mai karyewa. Abincin kifi na kanti ya gagari ƙananan masu kiwo, shi ne Debora za ta bincika ko akwai abin da zai maye gurbinsa. 'Ya'yan tarwada goma sha biyu a kowane tanki, mako goma ana ciyar da su ana aunawa. In an gama za a tafi gasar makarantu a Minna, kuma Debora kaɗai makarantar ta zaɓa. Sharaɗin alƙalan guda ne: ba su karɓar takarda zalla, sai sun ga kifin da ransa sun auna da hannunsu. Ɗakin gwaji na makaranta kuwa kulle yake Asabar da Lahadi, shi ya sa aka kawo gida.

Obadiya ya ji daɗi har ransa. Gilashi tas, ruwa garau, 'yan kifi kamar ɗan yatsa suna yawo. Ya ce, "Me za a ba su a madadin na kantin?"

Debora ta ce, "Tsutsa, Baba."

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ashe daidai ya ji.

A bayan gida, gindin mangwaro, yarinyar nan ta kafa wata tsohuwar roba. Ta bi maƙwabta masu kaji tana roƙon kashin kaji, ta kwaɓa da dusa, ta bar wa ƙuda. Kwana uku robar ta fara motsi. Motsi fa na gaske, kamar tukunyar shinkafa tana tafasa ba wuta. Ranar da Obadiya ya fara leƙawa sai da ya dafa bango. Shekara talatin da biyu yana kai mutane ƙara a kan tsutsa guda, yau ga 'yar cikinsa tana kiwonsu, har da yi musu inuwa da buhu kada rana ta dame su! Kullum da safe, kafin ta sa kayan makaranta, sai ta tsugunna da rariya ta tace su, ta ɗauraye, ta auna a ɗan sikeli, ta watsa wa tanki na biyu. Kifin su yi ta cafkewa, shi kuma ya kau da kai.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan ranar canjin ruwa. Duk bayan kwana uku takan rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Sai ta tura tiyo har ƙasan tankin, inda kashin kifi ya kwanta, ta kafa baki a ɗaya gefen ta zuƙa. Wani lokacin ruwan ya riga ta, ya cika mata baki, ta tofar ta goge da bayan hannu ta ci gaba da aikinta. Obadiya ya gani sau ɗaya, ya wuni bai ci komai ba.

"Auta, da bakin nan kike cin abinci a gidana?"

"Na kuskure bakin, Baba."

"Kuskurewa? Wannan ai sai dai a tafasa bakin."

Ta yi dariya, ya yi tsaki. Kafin mako huɗu gilashin ya yi kore ta gefe. Akwai wani soso a kusurwar kowane tanki da ruwa ke ratsawa, ya zama ruwan ƙasa, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa ta kwana biyu. Da ya ce a kawo omo a wanke, sai Debora ta tare tankin da jikinta.

"Baba, don Allah kar a taɓa soson nan. Akwai bakteriya a ciki, su ke cinye dattin kifin. In sun mutu ruwan zai lalace. Ko sabulu ba a sa wa, balle wani abu."

"Ƙwayoyin cuta kike nufi."

"Masu amfani ne."

"Ni za ki koya wa ƙwayoyin cuta? Tun kafin a haifi malamar taku nake kashe su."

Ya bar maganar a nan, amma bai yarda ba. A ransa cewa yake yara ne, an cika musu kai da karatun da ba a gwada a rijiya ba.

Abin haushin kuma, aikin yana ci. Debora na da wani littafi mai bangon shuɗi da ta ja wa layuka da rula: kwanan wata, abin da aka yi, nauyi, tsawo, sai layin ƙarshe na sunan wanda ya yi aikin. Kowace Asabar ta kamo kifin ɗaya bayan ɗaya ta auna. A mako na tara kifin da ke cin tsutsa sun kamo masu cin abincin kanti, wasu ma sun wuce su, sun yi baƙi sun yi ƙiba, gashin bakinsu zaƙo-zaƙo. Ko ɗaya bai mutu ba. Obadiya yakan saci kallon littafin in ba ta nan, don rubutun ya burge shi. Babu gogewa, babu tsallake. Irin littafinsa ne sak, sai dai abin da ke ciki ƙazanta ce.

Ranar Talata ta makon nan Mama Nasara, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, ta biyo don ta tuna wa Lidiya cewa addu'ar Alhamis a gidansu za a yi. Iska ta kaɗo daga gindin mangwaro. Matar ta ja mayafi ta toshe hanci, ta dubi Obadiya tana dariya.

"Ashe gidan duba-gari ma yana wari? Baba, ina littafinka yau?"

Wasa take yi, kowa ya sani. Shi dai bai ji wasa ba. Kwana biyu maganar na ci masa rai, yana lissafa matan da za su zo, rabinsu ya taɓa tsayawa a ƙofar iyayensu da littafi.

Alhamis da hantsi Debora na makaranta, Lidiya ta tafi kasuwa sayen kayan tarbar baƙi. Obadiya ya ɗaure hanci da hankici, ya sa safar hannu ta roba. Ya fara da robar tsutsa: ya haƙa rami, ya juye, ya bi da kananzir, ya binne, yana yi yana kakari. Daga nan ya dawo kan tankuna. A yi masa adalci, ba da mugunta ya taɓa su ba. Tausayin kifin ma yake ji. Ya kwashe su a hankali, kowane rukuni da bahonsa don kada ya gauraya wa yarinya aiki, yana ce musu, "Ku yi haƙuri, yau za ku huta." Ya dirje gilashin da omo har sai da ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsansa. Ya wanke tsakuwa. Soson nan mai yauƙi ya matse shi sau bakwai, ya jiƙa a bilic har ya koma fari. Ya jawo sabon ruwa daga rijiya ya cika. Sannan ya yi abin da hannunsa ya saba yi ba tare da ya shawarci kansa ba: ya buɗe jarka ya tsiyaya murfi guda a tankin farko. Na 'yan tsutsa kuwa ya ƙara masa rabi, saboda ya fi ƙazanta.

Wajen ƙarfe uku ya mayar da kifin. Suka shiga gudu sama da ƙasa, suna dukan gilashi, suna tsalle. Ya tsaya yana murmushi. A ganinsa murna suke yi.

Mata suka iso, suka cika baranda. Mama Nasara ta shaƙi iska ta ce, "Yauwa, yanzu na san na zo gidan Baba Obadiya. Kamar otal a Abuja!" Aka fara waƙa. Ana tsakiyar addu'a, kowa ido a rufe, Debora ta shigo da jakarta a kafaɗa. Obadiya ya buɗe ido ɗaya don ya ga yadda za ta yi murna. Sai ya ga ta tsaya cak. Ya bi inda take kallo. Kifin ne jere a saman ruwa, fararen cikinsu a sama. Biyu ne kawai ke sauran buɗe baki, su ma kafin a ce amin sun daina.

Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta jira matan suka watse, kowace na sunkuyar da kai. Ta cire rigar makaranta ta sa ta gida, ta ɗauko faranti da sikeli da rula da shuɗin littafin. Ta tsamo gawarwakin ɗaya bayan ɗaya, ta auna nauyi, ta auna tsawo, ta rubuta. Ashirin da huɗu. Lidiya na zaune a bakin ƙofa ta rafka tagumi.

Obadiya ya gyara murya. "Auta, akwai masu kiwon kifi a Gauraka. Gobe da sassafe sai in je in zaɓo masu irin girman nan. Saura kwana tara. Wa zai sani?"

Maganar na fita ya ji ɗacinta a bakinsa. Shi ne mutumin da aka sha roƙo ya kau da kai a bakin randa, bai taɓa kawarwa ba.

Debora ta ɗago ta dube shi. "Baba, ba kai ka ce mini ba a rubuta abin da ba a gani ba? Waɗancan ba su ci tsutsata ba. Minna dai ta wuce." Ta mayar da kai kan littafin. "Me ka sa a ruwan?"

"Bilic."

"Murfi nawa?"

"Ɗaya. Wancan kuma ɗaya da rabi."

"Ƙarfe nawa ka mayar da su?"

"Wajen uku."

Ta rubuta duka. Biro ya iso layin ƙarshe, inda sunanta ya jeru tun daga shafin farko, Debora, Debora, Debora, kwana sittin da biyu. Ta ɗan dakata. Ba ta tambaye shi sunansa ba, ta sani. Ta shiga rubutawa a hankali, harafi bayan harafi, shi kuwa yana tsaye a kanta, gumi na bin bayansa.

Da yamma Lidiya ta ajiye masa tuwo da miyar ganye. Ya wanke hannu sau biyu yadda ya saba, ya zauna yana fuskantar tankunan nan biyu, fayau, garau, babu abin da ke motsi a ciki. Ya yanko loma ya kai baki. Warin bilic ya taso daga yatsunsa, warin da ya fi ƙauna a duniya, sai yau ya ji shi kamar warin robar tsutsa. Ya ajiye lomar. Ya tashi ya je bakin duro ya ɗebi ruwa ya sake wanke hannun, ya shinshina. Ruwan duron ma shi ya sa masa murfi guda da safe.