Takardun da Na Ƙunshe Kanwa a Ciki

Rumfar da mahaifina ya bar mini tana ƙarƙashin wata tsamiya, a tsakiyar kasuwar garinmu, tsakanin Bukkuyum da Gummi. Kanwa nake sayarwa, da gishiri da citta da kimba. Har yanzu idan na lumshe ido da hantsi, nakan ga inuwar tsamiyar nan tana yawo a kan tabarmata, ƙananan ganye suna sauka cikin kwanon gishiri, ina tsince su ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ke korata.

Mai karɓar kuɗin rumfa yakan zo da jaka a rataye. In na biya, sai ya yago mini rasit mai hatimi. Mai kanwa kuwa kullum cikin neman takardar ƙunshi yake. Kafin mai jakar ya kai rumfa ta gaba, na riga na naɗe wa wata mata kanwa a ciki.

Maƙwabcina tela ne, kuma taubashina, ɗan ƙanen Inna. Yana da wata waya da ya lanƙwasa ya rataye a jikin ginshiƙi, duk rasit ɗin da aka ba shi sai ya soke a kai.

Nakan ce masa, "Bawana, tsire kake yi da takardu? In ya gasu ka sam min."

Shi kuma ya ce, "Ci gaba da ciyar da matan ƙauye hatimin hukuma. Ranar da aka tambaye ka, sai ka bi su gida-gida."

Ba tsokana kaɗai yake yi ba. Ya sha gaya mini in ware kuɗin hukuma tun da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, yadda manomi ke ware iri kafin ya taɓa rumbu. Ni sai damina ta yi tsakiya, aljihu ya bushe, in hango mai jaka in sulale bayan buhuna. Ya kuma ce in je a sauya sunan marigayi mahaifina da nawa a littafinsu. Na ce kowa ya san ɗan wane ne ni, tsamiyar ma ta sani.

A shekarun da haƙar zinari ta cika yankin Anka da baƙi, kasuwarmu ta bunƙasa, aka ce za a rushe rumfuna a gina shaguna na bulo. Duk wanda ya kawo rasit na shekara uku da sunansa, za a bar shi a wurinsa. Tela ya sauke wayarsa ya tafi da ita yadda take. Ni na dawo gida na zazzage jaka da aljihun tsofaffin riguna, ban samu ko ɗaya ba.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Adabka, inda masu sayen kanwata suka fi yawa. Gero ya yi kai, hanya duk ruwa kwance, ina ta gani a raina takarduna sun watsu cikin ƙauyuka kamar balbelu, wata a murhu, wata a bakin akuya. Na bi gidaje ina sallama, kamar yadda taubashina ya faɗa. Mata suna dariya daga bayan zana. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce, "Tsaya, Malam, akwai wata ƙunshiya da na manta da ita." Ta miƙo hannu saman ɗaki ta zaro.

Takardata ce. Kanwa ta cinye rubutun, sai hatimi ya rage, shi ma ya koɗe.

Na kai ta ofis a haka. Jami'in ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Baba, na yarda kun biya wasu. To amma ga littafi, sunan marigayi ne, ga takarda, babu suna. Mi zan rubuta?" Ban ga laifinsa ba. Wurin mahaifina ya tafi ga wani mai sayar da batir da caja, tsamiyar kuma aka sare ta don ta tare layi.

Tela bai yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ya matsar da kekensa, ya ce, "Shimfiɗa nan bakin baranda, bawana. Amma ga sharaɗi." Ya miƙo mini waya, ya riga ya lanƙwasa ta.

Nan nake zaune har yau, da sunana a littafi, a wurin da bai kai faɗin tabarma biyu ba. Wayar tana rataye sama da kaina, ta fara nauyi. In iska ta taso takardun sukan yi motsi, wani lokaci in ɗaga kai ina zaton ganye ne zai sauko cikin gishiri.